Tallafin Gwamnati ga Sababbin Manoma da Ƙauyukan Noma Masu Wutar Kansu: Tambayoyi da Amsoshi ga Mutanen Zongon Kumasi

Tun da tsadar tumatir da albasa ta zama abin hira a kowace majalisa, matasa da dama a Aboabo, Sawaba, Asawase da Moshie Zongo suke tambayar ko akwai hanyar da ɗan birni zai shiga noma ba tare da ya koma zaman duhu da jan guga ba. Ɗaya daga cikin amsoshin da ake bayarwa ita ce kafa ƙauyukan manoma masu samar wa kansu wutar lantarki da makamashin girki, gwamnati kuma ta tallafa musu har su kafu. An tattara a nan tambayoyin da aka fi yi, an kuma amsa su bisa yadda al'amura suke a Ghana.

Mene ne ake nufi da ƙauyen noma mai wutar kansa?

Shi ne matsugunin da manoma suke zaune kusa da gonakinsu, suna samar da yawancin makamashin da suke bukata a nan inda suke, maimakon su dogara ga babban layin wuta na ƙasa ko ga man dizal da ake kawowa daga gari. Galibi ana haɗa farantan sola da batura da ƙaramin layin wuta mai zagaya ƙauyen, a wasu wuraren kuma a ƙara da iskar gas ta kashin dabbobi. Abin da ya bambanta shi da ƙauyen da aka kai wa fitilun sola shi ne tun farko wutar ta aiki ce: ta ɗaga ruwa zuwa gona, ta juya injin niƙa da na casar shinkafa, ta riƙe ɗakin sanyi, sannan abin da ya rage ya shiga gidaje.

Misalin da aka fi ambata shi ne Feldheim, wani ƙauye a jihar Brandenburg ta Jamus mai mutane kimanin 130, wanda tun 2010 yake da layin wutarsa, yana samun lantarki daga injinan iska, yana ɗumama gidaje da iskar gas ta kashin dabbobi da masara. Amma mutanen Feldheim sun riga sun mallaki ƙasarsu da ƙungiyar nomansu kafin wutar ta zo, kuma wannan shi ne ɓangaren labarin da masu kwaɗaitar da mutane suka fi tsallakewa.

Akwai ofishi guda da mutum zai je ya cika fom a ba shi gona da wuta?

Tallafin a warwatse yake a hannun hukumomi dabam-dabam, kuma kowace tana da ƙofarta. Iri, taki, hayar tarakta da malaman gona suna ƙarƙashin Ma'aikatar Abinci da Noma, wadda babban shirinta shi ne Feed Ghana, wanda Shugaba John Mahama ya ƙaddamar a Techiman a watan Afrilun 2025. Madatsun ruwa da filayen noman rani na gwamnati suna hannun hukumar raya ban ruwa ta GIDA tun 1977. Ƙananan layukan wutar sola aikin Ma'aikatar Makamashi ne, Hukumar Makamashi ce kuma take ba masu kafa sola lasisi a ƙarƙashin dokar sabunta makamashi ta 2011. Ƙasa tana hannun sarakuna da dangogi, rajistarta kuma tana Hukumar Filaye. Akwai kuma Asusun Raya Zongo da aka kafa da doka a 2017, da shirin Adwumawura na jarin matasa da aka ƙaddamar a nan Kumasi a 2025.

Saboda haka manoman da kansu ne suke ɗinke waɗannan guntaye su zama riga ɗaya. Ƙofar farko ita ce ofishin noma na majalisar gundumar da gonar take, domin kowace gunduma tana da daraktan noma da malaman gona, kuma ta wurinsu ake rajistar manoma. Duk wanda ya bi ku ta WhatsApp ya ce ku tura kuɗin fom ta MoMo zuwa lambarsa domin a saka ku cikin ƙauyen manoma na gwamnati, ku riƙe kuɗinku har sai kun ji daga bakin ofishin.

Me ya sa sai an haɗa maganar noma da ta wuta? Ai kakanninmu sun yi noma babu lantarki.

Sun yi, amma noman damina suka yi, kuma kuɗin noma a yau yana cikin rani. Daga Disamba zuwa Afrilu yawancin tumatirin da ake sayarwa a Kumasi da Accra daga Burkina Faso yake zuwa, albasar da ake saukewa a Kwadaso kuma mafi yawanta ta Nijar ce, alhali ƙasashen biyu sun fi Ghana fari. Sun riga mu ne da ban ruwa. Ƙasar da ake nomawa da ban ruwa a Ghana ba ta kai kashi 5 cikin 100 na ƙasar noma ba, kuma ko a filayen gwamnati an ga bambanci a fili: waɗanda ruwa yake gangarowa da kansa, irin su Tono, Bontanga da Kpong, sun fi jurewa, waɗanda kuma sai an ɗaga ruwa da injin lantarki, irin su Dawhenya, sun sha fama da kuɗin wuta.

Gaskiya ne fiye da kashi 85 cikin 100 na mutanen Ghana suna da lantarki, amma turakun wutar a cikin gari suke ƙarewa, gona kuwa tana iya zama kilomita biyar ko goma a bayan turke na ƙarshe. Wanda ya kiwata kaji ko ya riƙe firjin kifi a shekarun dumsor, wato na yawan ɗauke wuta, daga 2012 zuwa 2016, ya san cewa ko turken ya iso ba tabbas ba ne. Manoman yankin Keta da Anloga sun nuna abin da wuta take yi wa gona: da gajerun rijiyoyi da ƙananan famfunan lantarki suke noman albasa da kayan lambu a kan rairayi kusan duk shekara.

An taɓa gwada irin wannan a Ghana?

An gwada ɓangarorinsa sau da yawa, kuma tarihin ya cancanci a tsaya a kansa, domin kusan duk kuskuren da sabuwar ƙungiya za ta iya yi an riga an yi shi da kuɗin gwamnati. A farkon shekarun 1960 gwamnatin Kwame Nkrumah ta kafa gonakin gwamnati masu taraktoci da ma'aikata masu albashi. Amfanin da suka fitar bai kai kuɗin da suka ci ba, bayan juyin mulkin 1966 kuma aka yi watsi da yawancinsu. A daidai wannan lokaci gina madatsar Akosombo ya tashi mutane kimanin 80,000, aka zaunar da su a sababbin garuruwa 52 da niyyar su yi noman inji cikin ƙungiyoyi. Gidajen sun tsaya, amma sharar gonakin ta yi jinkiri, rigingimun ƙasa da masu wurin na asali suka taso, mutane da yawa suka bar gidajen suka koma bakin tafki. Da yawa daga cikin garuruwan nan, waɗanda aka tashi mutanensu domin a samar wa ƙasa wuta, sun yi shekaru masu yawa kafin wutar ta iso musu.

Wanda ya fi kusa da batunmu shi ne aikin Appolonia, wani ƙauyen masu shanu a kusa da Accra, inda a 1992 Ma'aikatar Makamashi ta buɗe tashar da ke mayar da kashin shanu da bayan gida iskar gas, gas ɗin ya juya janareta, wutar ta haska gidaje da tituna, ragowar kuma ta koma gona a matsayin taki. A takarda babu abin da ya rage. A aikace, tattaro kashin daga garkunan da ke nesa ya zama wahala, abin da ake zubawa ya gaza, gyara ya gagara, daga ƙarshe aikin ya tsaya. A gefe guda, tashar Safisana da ke Ashaiman, wadda aka buɗe a 2017, tana samun sharar kasuwa da ta ɗakunan bahaya ba yankewa, tana sayar da wuta da taki, kuma tana da ma'aikatan da aikinsu ke nan.

Ƙananan layukan sola na gwamnati sun fara ne da ƙauyuka biyar na tsibirai da gaɓar ruwan Volta, ciki har da Pediatorkope a yankin Ada, da tallafin Bankin Duniya, kuma manufar gwamnati ita ce masu amfani da su su biya farashi ɗaya da na masu babban layi. Sun kawo haske, amma an fi auna su da bukatar gidaje. Wanda zai kafa ƙauyen noma dole ya fara lissafinsa daga famfo da inji.

Wane irin tallafi ne ya fi amfanar sabon manomi?

A ganina, wanda ba ya shiga buhu. Shirin Planting for Food and Jobs, da Shugaba Nana Akufo-Addo ya ƙaddamar a Goaso a 2017, ya fara da rage rabin kuɗin taki da iri. Manoma da yawa sun amfana, amma an yi ta fasa-ƙwaurin takin zuwa Burkina Faso da Togo, gwamnati ta tara bashin masu kawo kaya, takin kuma ya riƙa zuwa a makare. A 2023 aka sauya tsarin zuwa bayar da kayan noma bashi a biya bayan girbi. Tallafin da ya fi daɗewa shi ne abin da manomi ɗaya ba zai iya yi wa kansa ba kuma ba a iya loda shi a mota cikin dare: hanyar da babbar mota za ta bi da damina, rijiyar da aka gwada, takardar ƙasa, sito, da malamin gona mai babur da mai.

A kan sola kuwa, tsarin Indiya abin dubawa ne. A shirinta na PM-KUSUM na 2019 gwamnatin tarayya tana biyan kashi 30 na kuɗin famfon sola, jiha ta biya 30, manomi ya ɗauki 40, yawancinsa ta hanyar bashi. Hikimar ita ce wanda ya zuba kuɗinsa a famfo yana kwana kusa da shi.

Ni a Zongo aka haife ni, ban taɓa riƙe fartanya ba. Zan iya?

Za ka iya, amma kada damina ta farko ta zama a gonarka. Ka yi ta a gonar wani, ko a lambunan Gyinyase kusa da jami'ar KNUST, ko wurin manoman masara a Ejura, inda akwai babban Zongo kuma ba za ka rasa masauki ba. Kwalejojin noma na Kwadaso da Ejura suna koyarwa, cibiyar binciken amfanin gona ta Fumesua tana fitar da ingantaccen iri, cibiyar binciken ƙasa ta Kwadaso kuma tana gwada ƙasar gona. Kada kuma ƙungiya ta zama ta sababbin hannu zalla. A nemi gogaggun manoma daga ƙauyen da za a zauna a saka su ciki da cikakken haƙƙi, domin su ne suka san inda ruwa yake kwanciya da lokacin da tsutsar masara take bayyana.

Ta yaya baƙo zai sami ƙasa, kuma me zai hana a ƙwace ta bayan ya gyara?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce aka fi gaggawar wucewa. Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar Ghana tana ƙarƙashin sarakuna da dangogi. Tsarin mulkin 1992 ya hana mallakar ƙasar sarauta mallaka ta har abada, don haka abin da ake samu haya ce ta shekaru. Wanda ba ɗan ƙasa ba ne kuma ba a ba shi hayar da ta wuce shekara 50 a lokaci guda, shi ya sa ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya gyara maganar katinsa na Ghana Card tun kafin a zauna da sarki.

A ƙauyukan Asante an saba ba baƙo gona da baki, a ba da goro da abin sha na al'ada, ko a yi yarjejeniyar abunu, inda ake raba amfani biyu, ko abusa, inda ake raba shi uku. Wannan ya wadatar ga mai shuka masara ya girbe cikin wata huɗu. Bai wadatar ba ga mutanen da za su haƙa rijiya, su binne bututu, su kafa farantan da za su yi shekara 25 suna aiki, domin ranar da busasshiyar ƙasa ta zama kore da rani, ranar ce 'yan'uwan mai ƙasa suke tuna cewa ba a shawarce su ba. Dokar Filaye ta 2020 ta bukaci a rubuta cinikin ƙasa. Saboda haka a sami ma'aunin ƙasa mai lasisi ya zana taswira, a bincika a Hukumar Filaye ko an riga an ba wani wurin, a tabbatar cewa babban sarkin yankin ya amince ba dagacin ƙauye kaɗai ba, a rubuta tsawon hayar da yadda za a sabunta ta, a kuma fayyace wanda zai mallaki rijiya da farantai idan wa'adin ya cika. A yi takardar da sunan ƙungiya, kada a yi da sunan shugabanta. Yana da kyau a tafi tare da Sarkin Zongon garin ko limaminsa, domin su ne za su zauna da ku idan magana ta taso.

Yaya girman solar da gona take bukata?

Da ruwa ake fara lissafi, wuta tana biyo baya. Kayan lambu da rani suna shan kimanin milimita 5 zuwa 7 na ruwa a rana, wato lita 20,000 zuwa 28,000 ga eka ɗaya. Rijiyar burtsatse irin ta unguwa, mai ba da lita 15 a minti ɗaya, idan famfo ya yi awa 6 yana aiki da rana, lita 5,400 kawai za ta bayar, wanda bai fi na rubu'in eka ba. Ko an jera farantai ɗari ba za su ƙara wa rijiyar ruwa ba. A wasu sassan arewa da filayen Afram, saboda irin dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa, rijiyoyi da yawa suna fitowa busassu ko masu ɗan ruwa kaɗan. Don haka kafin a sayi ko da waya ɗaya, a sa mai haƙa ya yi gwajin ɗaga ruwa ya ba da sakamakon a rubuce. Ɗiban ruwa mai yawa daga kogi ko daga ƙarƙashin ƙasa kuma yana bukatar izinin Hukumar Albarkatun Ruwa.

Farantai masu ƙarfin kilowat 1 suna ba da kimanin yunit 4 na wuta a rana. Arewa ta fi Kumasi rana, a watan Agusta kuma gajimare yana rage wutar sosai a yankin Asante. Da hunturu, daidai lokacin da gona ta fi bukatar ruwa, ƙura takan kwanta a kan gilashin har mutum ya rubuta sunansa da yatsa, kuma ruwan da ke fita daga bututu yakan ragu a idon mai kallo. Wanke farantai da sassafe aiki ne da ya kamata a rubuta sunan mai yinsa. Hanya mafi sauƙi ta rage kuɗi ita ce a ɗaga ruwa zuwa tanki da rana, a kuma yi niƙa da casa tsakanin hantsi da la'asar, domin batir shi ne ɓangaren da ya fi tsada kuma ya fi saurin mutuwa: mai ruwan acid yakan yi shekara 3 zuwa 5, na litiyam kuma kimanin 10.

Shin iskar gas ta kashin shanu za ta iya maye gurbin gawayi?

Za ta iya a gidan da yake da dabbobi a ɗaure da ruwa a kusa. Kilo ɗaya na ɗanyen kashin shanu yana ba da lita 30 zuwa 40 na gas, don haka kilo 40 a rana, wanda shanu kamar huɗu na turke za su bayar, yana isar girkin awa uku zuwa huɗu a murhu ɗaya. Ana dama kashin da ruwa daidai yawansa kowace rana, abin da ya fito daga ɗaya ɓangaren kuma taki ne mai kyau. Shanun da suke yini a daji suna barin rabin kashinsu a can, kuma nan ne Appolonia ta yi tuntuɓe. Shawarata ita ce a bar gas ga girki da turara shinkafa, a bar lantarki ga sola.

Idan abu ya lalace, wa zai gyara?

Ku ne, kuma da kuɗin da kuka tara tun kafin ya lalace. Ko da gwamnati ko wata ƙungiyar agaji ce ta kafa komai kyauta, dole kowane gida da kowace gona su biya kuɗin wuta da na ruwa daga watan farko, gwargwadon abin da mita ta nuna, a zuba a asusun banki mai sa hannun mutum uku, a karanta lissafinsa a bainar jama'a. A lissafa kuɗin sabon batir da sabuwar inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida), a raba shi bisa watannin da ake sa ran za su yi, wannan shi ne mafi ƙarancin abin da za a tara. Ƙauyukan da suka ce wutar Allah ce ba a biya, su ne waɗanda farantansu suke tsaye yau babu abin da suke kunnawa.

A tura matasa biyu, mace da namiji idan ya yiwu, su koyi aikin tun ranar da ake kafawa. A zaɓi famfon da kayan gyaransa suke samuwa a Kumasi, injinan niƙa da na ɓarzar masara kuma a fifita waɗanda maƙeran Suame Magazine suke ƙerawa ko suke iya gyarawa. A yi shinge, a sa mai gadi, a rubuta lambar kowane faranti, domin satar sola ta zama sana'a.

Bashin banki yana da kuɗin ruwa. Ina mafita ga Musulmi?

Ko an ajiye maganar addini, bashin banki a Ghana yana da nauyi ga manomi, domin a 2023 kuɗin ruwan Babban Bankin Ghana kansa ya kai kashi 30 cikin 100. Bankin ADB, wanda aka kafa a 1965 domin noma, da hukumar GIRSAL mai tsaya wa manoma lamuni a wurin bankuna, duk da tsarin kuɗin ruwa suke aiki. Akwai hanyoyin da fiƙihu ya daɗe da sani. Sayen famfo a biya kaɗan-kaɗan a kan farashin da aka yanke tun farko, ko da ya fi na kuɗi hannu, mafi yawan malamai sun halatta shi muddin ba a ƙara kuɗi saboda jinkiri. Akwai salam, inda ɗan kasuwa yake biyan kuɗin amfanin gona tun kafin girbi a kan mudu da lokaci sanannu. Akwai hayar kayan aiki, akwai haɗa jari a raba riba da asara, akwai kuma susu, wato adashi, da matan Zongo suka ƙware a kai. A kai wa malami takardar yarjejeniyar ya karanta, kada a wadatu da bayanin baki. Ga zakka kuma, hatsin da aka shayar da famfo rabin ushiri ake fitar masa, na ruwan sama kuwa ushiri.

Wa zai sayi abin da muka noma?

A san amsar kafin a shuka. A ƙarshen 2025 manoman masara da shinkafa sun yi ta kukan amfani ya yi yawa babu mai saye, kuma duk wanda ya je Akumadan ko Tuobodom lokacin da tumatir ya fito ya ga akwatuna a bakin titi suna jiran farashin da shugabannin matan kasuwa za su yanke. A nan ne wuta take biyan kuɗinta, domin masarar da aka busar zuwa laimar kashi 13 cikin 100 tana jiran farashi a sito ba tare da ta yi fumfuna ba, ana kuma karɓarta a ɗakunan ajiyar kasuwar amfanin gona ta Ghana da aka buɗe a 2018. Kamfanin ajiyar abinci na gwamnati, NAFCO, yana saye, amma kada a gina lissafi a kansa shi kaɗai.

Ɗan Zongo yana da wata dama da ba kowa yake da ita ba. Dillalan albasa, masu hatsi, mahauta, masu waakye da masu koko, duk 'yan'uwansa ne ko maƙwabtansa. Hajiya mai dafa buhun shinkafa da wake kowace safiya ta fi kowace takardar alkawari tabbas.

Mata fa, ina matsayinsu?

Yawancin aikin da ke cin makamashi bayan girbi a hannunsu yake: turara shinkafa, suyar gari, man kaɗe, ƙuli-ƙuli, busar da kuɓewa da barkono, kuma da itace suke yin kusan dukansa. Idan aka auna wutar ƙauye ba a tambaye su ba, za a auna ta ba daidai ba. A rubuta kowace mace a matsayin 'yar ƙungiya da sunanta da filinta, kada a saka ta a ƙarƙashin sunan mijinta, a kuma ba su kujera a kwamitin asusu. Shirin kajin gida na Nkoko Nkitinkiti, wanda yake cikin Feed Ghana, ƙofa ce mai sauƙin shiga ga wadda ba za ta bar gari nan take ba.

Ana jin labarin rikicin makiyaya da ɓarnar galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba. Yaya za a kauce musu?

Da zaɓen wuri. Ruwan kogunan Offin, Pra, Birim da Ankobra ya gurɓace a wurare da yawa saboda haƙar zinariya, kuma ruwa mai laka yana cinye famfo ya toshe bututu, ban da guban da yake iya kaiwa cikin ganye. A gwada ruwan a ɗakin gwaji. Rikicin manoma da makiyaya na Agogo kuma ya nuna cewa koren fili a tsakiyar rani yana kiran shanu. A bincika burtalin da dabbobi suke bi, a yi shinge, a zauna da shugabannin makiyaya a gaban sarki tun kafin shuka. Mai jin Hausa yana da sauƙi a nan, domin yawancin makiyayan suna jinta, kuma musayar harawa da karan masara da kashin shanu tsohuwar hulɗa ce da kowane ɓangare ya sani. A gaɓar Volta kuma a tambayi inda ruwa ya kai lokacin da aka saki ruwan madatsar Akosombo a 2023, a kafa farantai da gidaje a sama da nan.

Idan gwamnati ta canza, me zai faru da tallafin?

Yakan canza suna, ya canza sharuɗɗa, wani lokaci ya tsaya. Tsakanin 2017 da 2025 babban shirin noma na ƙasa ya sauya tsari sau biyu, madatsar Pwalugu da aka aza harsashinta a 2019 ba a gina ta ba, da yawa daga cikin ƙananan madatsun One Village One Dam kuma suna ƙafewa kafin rani ya yi nisa. Saboda haka a yi wa ƙungiya rajista a Sashen Ƙungiyoyin Gama-kai, wanda yake karɓar mutum goma zuwa sama, a kuma kiyaye ta daga zama reshen wata jam'iyya, domin kayan da aka san na 'yan jam'iyya kaza ne su ake fara mantawa da su bayan zaɓe. Duk abin da wata hukuma ta kafa muku, ku nemi takardar miƙawa mai nuna wanda ya mallake shi, da takardar garanti, da zanen yadda aka ja wayoyi da bututu, da sunan kamfanin da ya yi aikin da lambar lasisinsa. A ajiye kwafi ɗaya wurin sakataren ƙungiya, ɗaya a ofishin noma na gunduma, ɗaya kuma a fadar sarkin da ya ba da ƙasar.